Hirar Tsakar Gida: Kyan Ɗan Maciji

Wasiƙar da muka zaɓa a wannan wata ta fito daga wurin wata uwa a Talata Mafara. Ta roƙe mu kada mu ambaci sunanta, mun kuwa yarda. Ga abin da ya dame ta a taƙaice.

Tana da ɗiya mai shekara 19, tana karatu a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau. Yarinya ce mai hankali, ba ta da yawo, tana cikin mawaƙan majami'arsu. Amma kwanakin baya uwar ta lura, da an ci tuwon dare sai yarinyar ta shige ɗaki, ta ja zane ta rufe kanta da waya, sai dai a ji tana ƙyalƙyala dariya ita kaɗai har tsakar dare. Uwar ta zaci saurayi ne. Ran nan ta sa ƙanen yarinyar ya karanta mata abin da ke cikin wayar. Ashe littafi ne na Turanci, labarin wata budurwa da ta kamu da son wani mutum wanda ya mutu tun shekara ɗari da suka wuce, ba ya fita sai da dare, abincinsa kuwa jinin mutane. Uwar ta ce nan take cikinta ya ɗuri ruwa. Ta rufe wasiƙarta da tambaya uku: "Ɗiyata ta shiga ƙungiyar asiri ne? In ƙwace wayar, ko in kai ta a yi mata addu'a? Kuma don Allah, mene ne abin dariya a cikin labarin mai shan jini?"

Uwargida, ki kwantar da hankalinki. Ba ke kaɗai ba ce, gama mun ji irin wannan kuka daga Bakura, mun ji daga Maradun. Saboda haka muka nemi littattafan nan, muka karanta waɗansu, muka kuma zauna da 'yan mata masu karanta su. Amsar tambayarki ta fari ita ce a'a. Karanta labarin mai shan jini ba ya mai da yarinya 'yar asiri, kamar yadda jin tatsuniyar Dodo bai mai da ke Dodo ba. Amma tambayarki ta uku ita ce babba, a kanta za mu daɗe.

Asalin mai shan jini

Turawa suna kiran wannan halitta bamfaya. Da fari ba shi da kyan gani ko kaɗan. A shekarar 1725, da kuma 1732, ma'aikatan Sarkin Ostiriya sun aika da rahoto daga ƙauyukan Sabiya cewa manoma suna tone kaburbura. In mutane suka yi ta mutuwa a jere, sai a ce wani mamaci ne yake fitowa da dare yana shan jinin danginsa da maƙwabtansa. In aka tone aka tarar gawa ta kumbura, da jini a baki, sai a kafa mata tsinin itace a ƙirji, a ƙone ta. Yau likitoci sun san haka gawa take yi sa'ad da ta fara ruɓa. To, wace budurwa ce za ta so wannan?

Marubuta ne suka yi masa wanka suka sa masa riga. A 1819 wani likita a Ingila, John Polidori, ya rubuta gajeren labari inda ya mai da shi basarake mai kuɗi, wanda mata suke rububinsa, shi kuwa yana hallaka su ɗaya bayan ɗaya. A 1897 Bram Stoker, mutumin Ailan, ya fitar da labarin Dirakula. Shi ma basarake ne, amma marubucin bai ɓoye muninsa ba: numfashinsa yana wari, gashi ya tsiro masa a tafin hannu, yana gudun tafarnuwa da gicciye. Akwai wata doka da Stoker ya ɗora masa wadda muke so ku riƙe, gama za mu komo kanta. Ba ya iya shiga gida karo na fari sai wani na cikin gidan ya ce masa ya shigo.

A 1976 wata Ba'amurkiya, Anne Rice, ta bar mai shan jinin ya ba da labarinsa da bakinsa, yana baƙin ciki a kan abin da yake yi. Daga nan mai karatu ya fara jin tausayinsa. Daga tausayi zuwa so kuwa ba nisa.

To, ina abin dariya?

Bayan wannan sai aka sami waɗansu marubuta da suka ɗauko shi daga tsohuwar fada a kan dutse, suka ajiye shi a cikin gari irin na yau, inda ake biyan haya ana neman aiki. A nan dariya ta shigo. Bari mu ba ku misali uku.

A 1995 Christopher Moore ya rubuta labarin wata mata mai suna Jody a birnin San Faransisko. An cije ta, ta farka ta zama mai shan jini. Babbar matsalarta ita ce banki da ofisoshi da rana suke buɗewa, ita kuwa da rana kwance take kamar gawa. Dole ta nemi wani saurayi mai aikin dare a babban kanti ya riƙa yi mata aike, daga aike kuwa sai soyayya.

A 2004 MaryJanice Davidson ta kawo Betsy, wata sakatariya. An kore ta daga aiki, mota ta buge ta, ta farka a cikin akwatin gawa. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne matar ubanta ta sa mata takalmi mai araha, ta kwashe nata masu tsada. Duk wadda ta taɓa zama da matar uba ta san wannan takaici, ko a Amurka ko a Mafara.

Wanda ya fi waɗannan suna shi ne na Charlaine Harris, da ya fara fitowa a 2001 ya kai littafi 13 kafin ya ƙare a 2013. Tauraruwarsa Sookie ce, mai raba abinci a wani ƙaramin gari a Luwiziyana. A labarin, Japanawa sun ƙera jinin kwalba, saboda haka masu shan jini suka fito fili suna zama cikin mutane. Ita Sookie tana da wata jarraba: tana jin abin da kowa yake tunani a zuciyarsa. Ku duba wahalar budurwar da take jin ainihin tunanin kowane saurayi da ya zo zance! Sai ta gamu da Bill, mai shan jini, ta tarar ba ta jin kome daga kansa. Shirun nan ne ya fara jan hankalinta.

Kun ga inda dariyar take. An ɗauki abin tsoro mafi girma, an ɗora masa ƙananan wahalolin da kowa ya sani. Dodon da yake neman kuɗin haya ya tashi daga Dodo. Mu ma haka kakanninmu suka yi sa'ad da suka sa Gizo yana yi wa kura da zaki wayo, yara suna dariyar abin da suke tsoro da rana.

Akwai kuma Twilight na Stephenie Meyer, wanda ya fito a 2005, aka yi fim ɗinsa a 2008. Dariyarsa kaɗan ce, soyayyarsa ce da yawa, shi ne kuma ya fi shiga hannun 'yan makaranta. An sayar da fiye da kofi miliyan 100 na jerinsa a duniya. Bella 'yar shekara 17 ce, Edward kuwa an haife shi a 1901 amma fuskarsa ta tsaya a ta saurayi. Ya rantse ba zai sha jinin mutum ba, sai na namun daji.

Namu na gida

Kada mu ce wannan abin Turawa ne kaɗai. Hausa ma tana da masu sha. Ciwon da yake shanye ƙafar yaro, har yau shan inna muke ce masa, domin mutanen dā sun ɗauka Inna ce ta bori take shanye ƙafar, kafin a gane ƙwayar cuta ce da ɗigon rigakafi yake tarewa. Ga maye, wanda ake cewa yana kama kurwa. Ga namijin dare, wanda ake cewa yana auren mace a mafarki ya hana ta auren mutum. Amma ku lura, ba wanda ya taɓa yi wa waɗannan waƙar so. Gudunsu ake yi.

Ga kuma tatsuniyar da kowace kaka ta sani, ta budurwar nan da ta ƙi samarin garinsu duka, ta ce ita sai miji marar tabo. Ana nan sai ga wani baƙo a kasuwa, kyakkyawa, ba ko ƙwarzane a jikinsa. Iyaye suka ce a bincika asalinsa, ta ce ita ta gani ta ƙyasa. Aka ɗaura aure, suka kama hanya. Da suka yi nisa cikin daji sai ango ya fara mai da kayan aro, wannan ya karɓi rigarsa, wancan ya karɓi fatarsa, har ya koma ainihinsa. A bakin waɗansu maciji ne, a bakin waɗansu Dodo. Da ƙyar ƙanenta, wanda ta raina ta kora, ya cece ta.

Wannan labari da na Bella uwarsu ɗaya ubansu ɗaya: kyakkyawan baƙo wanda ba mutum ba ne, da budurwar da ta fifita shi a kan samarin gari. Bambancin yana wajen ƙarshe. Kaka takan ƙare da gudu da kuka da komowa gida. Sabon littafin yakan ƙare da biki.

Ko a rubuce ma muna da makamancinsa. A 1980 kamfanin NNPC na Zariya ya buga So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid, wadda ta daɗe zaune a Gusau. Labarin soyayyar Boɗaɗo da Yasir ne, har wata aljana ta shiga tsakani tana son Yasir. Amma a can aljanar abokiyar gāba ce, sai an rabu da ita kafin masoya su huta. Bayansa littattafan soyayya na kasuwar Kano suka cika gari, irin su In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino a 1991. Iyayen wancan lokaci sun yi kuka da su kamar yadda kike yi yau. A 2007 har an tara waɗansu an ƙone a Kano a gaban jama'a. Ba a daɗe ba labaran suka bar takarda suka koma cikin waya, inda ashana ba ta kai.

Abin da 'yan matan suka faɗa mana

Mun tambaye su kai tsaye: me kuke so a jikin wannan mutum? Da fari suka yi ta sunkuyar da kai suna dariya. Can sai wata 'yar Bakura ta ce, "Baba, ai ba jinin muke so ba. Mutum ne da zai iya karya ta kamar sillen kara, amma kullum yana riƙe kansa don kada ya ji mata ciwo." Sauran suka gyaɗa kai.

Wata ta ce ita abin da yake burge ta shi ne ya yi shekara ɗari bai ga wadda ta yi masa ba sai wannan ɗaya, kuma in tana magana yana saurare har ta gama. Ba mu yi mamaki ba. Yarinyar da ta tashi tana ganin ana yi wa maƙwabciya kishiya, ko tana ganin wani da ya yi alkawari a gaban jama'a ya koma yana ajiye wata a bayan gari, dole irin wannan namiji ya yi mata daɗin ji.

Wata kuma ta ce ita ba namijin ne ya dame ta ba, budurwar take so. Sookie da Betsy suna da baki. Sukan dubi abin da kowa yake tsoro su faɗa masa magana son ransu. 'Yan matanmu, waɗanda aka koya musu sunkuyar da kai tun suna goye, suna jin daɗin ganin wata ta yi abin da ba su iya yi. Mun tabbata rabin dariyar da uwargida take ji daga ɗaki daga nan take fitowa.

Amma maganar da ta fi tsaya mana a rai wata 'yar Maradun ce ta yi ta, a hankali, bayan sauran sun yi shiru. Ta ce, "A cikin littafin, abin da yake zuwa da dare yana yin sallama."

Duk wanda yake zaune a wannan yanki ya san abin da take nufi. Daren 26 ga Fabrairu 2021 'yan bindiga suka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar kwana ta Jangebe, a ƙaramar hukumar Talata Mafara, sai ran 2 ga Maris aka sako su. A watan Agusta na shekarar suka shiga Kwalejin Aikin Gona ta Bakura da dare. Ran 1 ga Satumba suka ɗauki ɗalibai 73 a makarantar Kaya ta ƙasar Maradun. Aka rufe makarantu, aka tsai da kasuwannin mako, aka yanke layin waya. 'Yan matan da suke kwaleji yanzu, a lokacin nan yara ne 'yan makaranta, tsararrakin waɗanda aka ɗauka. Sun ce mana a watannin nan na zaman gida ne da yawansu suka fara karatun, suna tura wa juna littattafan da ke ajiye daga waya zuwa waya. Dā yara sukan fita dandali da farin wata, su yi gaɗa, su ji tatsuniya. Waɗannan kuwa sun girma ana kulle ƙofa tun magariba. Yarinyar da ta kwana tana kasa kunne ko za ta ji ƙarar babura, in ta sami labarin da abin tsoron dare ya zama mai ladabi, har yana tsaron ƙofarta, kada mu yi saurin ce mata 'yar asiri. Hutu take nema.

Inda littafin ya yi ƙarya

Duk da haka ba za mu ce muku ba kome a ciki ba. Akwai, amma ba inda uwargida ta zata yake ba. Haɗarin yana cikin darasin da labarin yake koyarwa a kan maza.

Ku ɗauki Edward. A littafi na fari yakan shiga ɗakin Bella ta taga da dare, ba da saninta ba, ya zauna yana kallonta tana barci. A na uku ya cire wani abu daga injin motarta don kada ta je wurin abokinta. Ita kuma ta daɗe tana ɓoye wa mahaifinta ainihin ko wane ne shi. Littafin ya nuna duk wannan ƙauna ce mai yawa. To, mu cire masa kyan fuskar nan. Mu ce wani dillalin shinkafa ne a kasuwar Talata, wanda ya girmi kakan yarinyar, yana haura katanga yana leƙen 'yar makaranta, yana hana ta gaisawa da kowa, yana ce mata kada ta faɗa a gida. Wace uwa ce za ta kira wannan ƙauna? Hausawa sun riga sun ba shi suna: kyan ɗan maciji.

Babbar ƙaryar ita ce wannan: namiji mai haɗari ne ga kowa, amma saboda ke zai sāke. A cikin littafi haka yake faruwa, domin alƙalami yana hannun marubuciya, ita ce take riƙe masa haƙora. A cikin aure ba mai riƙe alƙalami. Mun san wata yarinya, shekarun baya, da wani mai saurin hannu ya nema. Kowa ya san ya taɓa fasa wa ƙanwarsa baki. Iyaye suka faɗa, dattawa suka faɗa, ta ce su ba su san shi ba ne, a wurinta kamar ɗan rago yake. Gaskiya ta faɗa, a lokacin zance haka yake. Wata bakwai da biki ta komo gidan ubanta da dare, da hannu a karye. So hana ganin laifi, amma hali zanen dutse ne. Mutum yana iya tuba ya sāke, mun gaskata wannan, mun kuma gani. Sai dai kyan budurwa ba ya sāke zuciyar kowa, kuma wanda ya tuba da gaske, 'yan'uwansa da abokan aikinsa su ne za su fara shaida.

Mu ba littafin hakkinsa a wuri guda. Edward ya ƙi kwana da Bella sai bayan an ɗaura aure, ko da yake ita ce take matsa masa. Wannan abin yabo ne, uwa mai hikima kuwa tana iya fara hira daga nan. Amma na Harris da na Davidson domin manya aka rubuta su, akwai wuraren batsa a ciki ƙuru-ƙuru. Ba na 'yar sakandare ba ne, ko babba ma gara ya san abin da yake zuba wa zuciyarsa.

Shawararmu

Uwargida, da fari ki kame bakinki a waje. Kada kalmar nan "ƙungiyar asiri" ta fita daga bakinki a unguwa ko a taron zumuntar mata. Kin san garinmu. Sunan maita ko na asiri in ya manne wa mutum, ruwan Bakolori duka ba ya wanke shi. Tsofaffi nawa aka wulakanta a ƙauyukanmu a kan zato kawai? Kada ki jawo wa ɗiyarki wannan da bakinki.

Na biyu, kada ki ƙwace wayar. In kin ƙwace, za ta karanta a ta ƙawarta, abin da za ki samu kawai shi ne ta daina faɗa miki kome. Maimakon haka, wata rana kuna tsince shinkafa ki ce, "Ke, ba ni labarin nan da yake ba ki dariya." Ki saurara har ta gama, in abin dariya ne ki yi dariya. Sa'an nan ki tambaye ta me take so a jikin mutumin. Amsar da za ta ba ki ita ce hoton mijin da take nema, abin da wataƙila ba ta taɓa faɗa miki ba. Daga nan ki yi mata tambayoyin da kaka za ta yi. Wa ya san asalinsa? Yaya yake yi da waɗanda ba ya so? Me ya sa ba ya son mahaifinta ya sani? Ki ba ta tatsuniyar miji marar tabo, ki bar ta ta gwada biyun da kanta. Yarinya mai karatun kwaleji ba za ta kasa ganewa ba.

Na uku, ku yi yarjejeniya a kan lokaci. Karatu har ƙarfe biyu na dare yana cin ido, yana cin jarrabawa, ko wane irin littafi ne. Ki kuma sa mata waɗansu a gaba. In soyayya take so, ga So Aljannar Duniya, ga Jiki Magayi. In dariya take so, Magana Jari Ce na Abubakar Imam bai tsufa ba.

Game da addu'a, ki yi tare da ita a ɗaki, kamar yadda kuka saba. Kada ki kai ta gaban jama'a kamar mai aljanu. In kuna karatu tare, ku buɗe Littafin Rut. Akwai namiji mai dukiya da iko a ciki, Bo'aza, wanda ya farka da tsakar dare a masussuka ya tarar da mace a wajen ƙafafunsa, ba mai gani. Bai taɓa ta ba, ya kiyaye sunanta, da gari ya waye kuwa ya tafi ƙofar gari ya yi maganar aurenta a gaban dattawa goma. Riƙon kai da 'yar Bakura take nema ke nan, amma na wanda yake fitowa da rana.

Sauran maganar taku ce, iyaye maza. 'Ya'yanku mata sun faɗa mana abin da suke nema: namiji mai ƙarfi wanda ba ya amfani da ƙarfinsa a kan na gida, mai saurare, mai tsayawa a kan mace ɗaya. Ba su roƙi abin da ya fi ƙarfin mutum ba. In sai a littafin Amurka, a jikin gawa mai shan jini, suke samun irin wannan, to, laifin ba na littafin kaɗai ba ne. Yarinyar da ta ga mahaifinta ya yi fushi amma bai ɗaga hannu ba, ta ga yana zama yana jin maganar mahaifiyarta, tana da ma'aunin da za ta auna kowane baƙo da shi. Samarinku kuma suna kallo, su ne mazan 'ya'yan waɗansu gobe.

Mun ce za mu komo kan dokar Stoker. Ko Dirakula ba ya shiga gida sai na ciki ya ce ya shigo. Ba za ku iya tsare kowace taga ba, gama yanzu tagar tana cikin tafin hannun yarinya. Abin da za ku iya shi ne ku koya mata ta san wanda za ta amsa wa sallama, ku kuma zama irin iyayen da za ta zo ta ce wa, "Inna, ga wani yana sallama, me kika gani?"

Uwargida ta Talata Mafara, muna jiran wasiƙarki ta biyu, ki faɗa mana yadda hirar ta kasance. Ku kuma 'yan mata, in kun ga mun yi wa littattafanku rashin adalci, ku rubuto, za mu buga. Sai wata mai zuwa, in Ubangiji ya kai mu. Ku huta lafiya.